Keken Ɗinkin Inna Garda

Shekarar da fam ya koma naira
na kafa rumfa a Tudun Wada, dab da masu faci,
ina gyaran keken ɗinki.

Ran wata Laraba ta zo daga Samaru,
Bajamusa, gashi fari kamar abawa,
mijinta na gwajin ƙasa a gonar jami'a.
Gerda sunanta, bakinmu ya lanƙwasa shi: Inna Garda.
Direbanta Dogara ya sauke ƙarfen,
ta ce, "Yana cin zare, ya ƙi aiki."

Na kwance kan, na zuba kananzir.
Ta zauna a benci tana cin ƙosai.
Burbushin da ya faɗi kan cinyarta
ta dangwale da yatsa, ta kai baki.

Na ce, "Inna, Turai ma an san yunwa?"
Da Hausarta mai ɗingishi ta ce,
"Da fari ba mu san ta ba. Nan ne abin mamaki.

Babana ya shekara uku a zaune.
Sai ga masu tuta da dogon takalmi,
suka ce a shimfiɗa titi, a narka ƙarfe.
Albashi ɗaure kamar akuya a turke,
ƙungiyar ma'aikata an garƙame ta da kwaɗo,
amma tukunya na tafasa, wa ke tambayar itacen?
Duk mako yana liƙa kan sarki a littafi,
adashen mota, wai kowa zai samu tasa.
Littafi ya cika. Mota ta fito sanye da kaki.

Sai aka raba mana kati.
Burodi da almakashi ake sayensa.
Man shanu, an ce ya zama bindiga,
gahawa gasasshen hatsi, sabulu rabinsa yumɓu.
Rediyo kullum mun ci gari,
kullum kuma wata a layinmu ta sa baƙi."

Na ce, "Mu ma mun ɗanɗana.
Babana Jatau ya ce gishiri ya ɓace a kasuwar birni,
auduga da gyaɗa jirgin ƙasa ya kwashe,
ƙanensa aka kora haƙar kuza, bai dawo ba.
Ashe bulala ɗaya ta zane mu, ta yaƙi."

Ta girgiza kai. "Kada ka haɗa mu. Kifa shi."
Na kifa. Can ƙasa an karce da tsinin allura,
suna ne, ba kuwa nata ba.

"Maƙwabciyarmu ce ta saman bene, tela, Bayahudiya.
Katinta da hatimi: ba nama, ba madara,
cefane awa ɗaya, bayan an gama kwashewa.
Da asuba mota ta zo. Mun ji. Mun ja bargo.
Sati biyu aka buga gwanjo a ƙofar gida,
uwata ta ɗaga hannu. Araha.
Da shi ta mai da labule riguna,
da shi muka ci har bam ya kwantar da unguwa.
Ƙoshinmu, ɗana, daga kwanon wasu aka ɗebo.
Mun sani. Muka rufe ɗaki."

Ban ce uffan ba. Ladan ya kira azahar.
Ciwon ƙarami ne, ƙoshiya ce ta goce.
Na ce, "In kankare rubutun? Minti biyu ne."
Ta cafke hannuna, yatsu sanyi kamar gindin randa.
"Don shi na ɗauko shi har nan. Bar shi."

Da za su koma, Dogara ya kawo mini shi a buhu,
ba wasiƙa, ba sallahu.
Telolin Sabon Gari sun taya har sun gaji.
Jikata Barmani ce ta karanta mini sunan,
na maimaita har ya zauna a harshena.
Ran Juma'a nakan ɗiga masa mai,
in taka shi kaɗan,
in saurari allura tana huda iska,
ba ƙyalle, ba ɗinki.