Tagar Iya Mulika

A Agege aka yanke mini cibiya,
bayan titin jirgi, inda ake sauke huhun goro.
Duk layinmu akwatin kallo ɗaya ne,
na Iya Mulika mai ƙyafaffen kifi.
Ƙafa huɗu gare shi kamar tunkiya,
da ƙofofin katako da ake ja a datse da makulli.

Sai ƙarfe huɗu yake farkawa.
Kafin nan fito kawai yake yi, kamar butar shayi,
mu kuwa tun uku da rabi mun wanke ƙafa,
don ba ta barin mai ƙura ya taka mata leda.
Wanda ya makara taga ce rabonsa,
hanci a jikin raga, ƙeya a rana.

Yaya Tanimu ne sarkin eriya.
Ya hau kwano ya rungumi gora,
mu yi ta ihu daga ƙasa:
Juya! Juya! Ya yi! Kai, ya ɓace!
Har ya girma bai taɓa ganin farkon shiri ba.

Wani mutum ne mai gemun auduga
ke hira da safar da aka ɗinka wa idanu,
rabi Turanci, rabi Yarbanci.
Ba na jin ko ɗaya.
In 'yar Iya ta yi dariya, sai ni ma in yi.
Haka na tsinci yaren, kamar kaza a gindin turmi.
In aka ɗauke wuta a tsakiyar labari
ba wanda zai dawo mana da shi.
Mu ƙarasa da bakinmu a layin famfo,
kowa da irin ƙarshen da ya ga dama.

Zamanin ɗana Mahadi launi ya shigo.
Faranti ya hau rufi, janareto ya kama tari,
wasu halittu masu manyan ido suna dukan juna
safe, rana, har bayan isha'i.
Ya haddace tallar taliya kafin ya iya ɗaure zariya.
Na ɓoye rimot a tukunyar garin rogo, ya gano.

Yanzu ga Nusaiba, 'yarsa, shekara biyar.
Akwatinta bai kai tafin hannuna ba.
Ba ta san jira ba.
A cunkoson hanyar Ikorodu tana kallo,
a kan cinyata tana kallo,
abin da bai yi mata ba ta ture shi da yatsa,
kamar mai korar ƙuda.
Ba taga, ba wanke ƙafa, ba wanda ke kan kwano,
dariyarta ma ita kaɗai take ci.

Jiya ana ruwa, na buɗe baki zan fara:
mu a zamaninmu...
Sai ta cire abin kunnenta ɗaya ta cusa mini.
Wata akuya ce mai ɗankwali, an zana ta shuɗiya,
ta dube ni ta ce: Sannu da gida, kun yini lafiya?

Da Hausa.

Shekara nawa na yi a gaban akwatin Iya
ban ji ya kira ko sunan da ya yi kama da nawa ba.
Na amsa wa akuyar, lafiya lau.
Nusaiba ta faɗi ƙasa don dariya.

Da ya ƙare na yi tagumi, na ce sai wani makon ke nan.
Ta ce, Kaka, ai ana maimaitawa.
Sau shida muka kalla.
Na ce ta tura wa kakanta Tanimu,
ta tabbata ya gani tun daga farko.