Wa Ya Ɗaga Hannu?

A Kisumu, bayan kasuwar kifi,
akwai rumfar da Akoth ke gyaran waya:
kwano ɗaya, kujera mai ƙafa uku,
da ƙarnin tafki da ba ya barin tufa.

Ran da majalisa ta zauna kan dokar ɗaure baki,
wadda za ta damƙa wa ofishi ɗaya makullin intanet
ya rufe shafin da ya ga dama,
Akoth ba ta fita zanga-zanga ba.
Ta ajiye sukudireba, ta ɗauki biro,
tana kallon zaman a wata tsagaggiyar waya
da mai ita bai zo karɓa ba tun watan jiya.

Wane ya ce e. Ta rubuta.
Wance ta ce a'a. Ta rubuta.
Wane ya sulale shan shayi daidai lokacin ƙirga,
shi ma ta ba shi layinsa.

Kafin asuba sunayen sun hau intanet,
kowanne da mazaɓarsa a gefe, ko zagi ɗaya babu.
Masunta suka karanta cikin kwalekwale,
'yan acaɓa suka tura wa juna a mahaɗa,
wata malamar firamare a Ahero ta buga a takarda
ta manna jikin mangwaro.

Wakilinmu, Onorabul Ragwel Odhuno,
ya zo ta'aziyya ranar Asabar da buhun sukari.
Ya ce, "Ni fa ranar ina asibiti."
Tsohuwa Nyangweso, da ba ta san baƙi ba,
ta miƙa masa wayar jikanta:
"Ɗana, to wannan hannun na wane ne?
Ga agogonka ma a jiki."

Ya nemi ruwa. Ya yi tari.
Ramin ƙarya ƙurarre ne,
balle wanda aka haƙa a gaban kyamara.

Dokar dai ta wuce, kada in yi muku ƙarya.
Daren Talata aka rufe shafin Akoth,
amma an yi shuka tun kafin a ɗaure bakin buhu:
sunayen na kwance cikin waya dubu.

Zaɓe saura wata goma sha huɗu.
Akoth na can tana liƙe cajar wani direba,
takardar na ninke a aljihun rigarta.
Gumi ya tausasa ta,
tawadar kuwa tana nan daram.