Takardu Uku a Majema

Takardu uku Dakta Arzika ya miƙo mini
a ƙofar ɗakin gwaji, ran Laraba.
Ya ce, "Jelani, zango biyu ne a waje.
Zaɓi ɗaya kafin Litinin."
Na cusa su cikin littafin sinadarai,
na hau kabu-kabu daga Dundaye.
Kan gadar Kwalkwalawa iska ta so ƙwace su,
na danne da ƙirji kamar kaza kan ƙwai.

Ta farko Malesiya ce:
ginin gilashi, ciyawa shar,
ɗalibai na dariya, ba gumi a goshin kowa.
Sun yafe kuɗin karatu,
jirgi da ciki kuwa naka ne.
Na buga lissafi da farashin dalar safe,
kafin la'asar lissafin ya tsufa.

Ta biyu Masar.
Inna Kulu ta ji sunan, ta ajiye maburgi:
"Ƙasar Annabi Yusufa!
Ko ruwansu ka sha, ka ƙaru."
Na kasa gaya mata
darussansu ba su hau kan nawa ba,
in na dawo sai na maimaita shekara,
benci ɗaya da ƙannen abokaina.

Ta uku ba ta da ƙyalli.
Baƙi da fari, tawada ta cinye gefe:
Fas, ƙasar Maroko,
nazarin jima da tace ruwan rini.
Rabin karatun da Faransanci,
ni kuwa nawa bai wuce
gaisuwar direbobin Ƙonni ba.
Sambo ya yi dariya har da dukan cinya:
"Shekara huɗu kana gudun warin majema,
yanzu jirgi za ka hau
ka je ka shaƙo na wasu?"

Ran Asabar na tarar da Baba bakin kwatarniya,
ruwan bagaruwa har gwiwar hannu,
faratan nan da sabulu ya daɗe da sallamawa.
Na karanta masa duka ukun a tsaye,
kamar mai karanta takardar bashi.
Bai ɗago ba
sai da na ce Maroko.

Ya jawo fatar jar akuya, ya murɗe, ya karkaɗe.
"Wagga ta riga ka zuwa can.
Kakana ka ɗaure su bisa raƙuma,
su keta rairayi wata da watanni.
Da sunka isa anka sake musu suna,
masu saye na yabon wata ƙasa.
Ba wanda yat tambayi akuya garinsu."

Na ce, "To, in bari ke nan?"
"Ni nac ce ka bari?
Dubi kwata."
Na duba.
Baƙin ruwan da muke zubarwa tun ina goye
yana bin bayan gidaje a hankali,
ya ƙone dalbejiyar Hajiya Tumba,
yara na tsallake shi da hanci a toshe.
"In sun san maganin wanga, ɗauko muna.
In ba su sani ba, ka dai ga duniya.
Amma ka komo da sunanka."

Daren Lahadi ba wuta,
zafin Sakkwato ya zauna mini a wuya.
Na haska fitilar waya kan fam.
Ga wani ɗan gurbi: sana'ar mahaifi.
Tun sakandare "ɗan kasuwa" nake cikawa,
hannuna har ya fara da kansa.
Na soke.
Na rubuta majemi,
gumi ya ɗiga ya baje wasalin ƙarshe.

Ta Masar Inna ta adana ƙarƙashin tabarmar salla,
wai ko don gaba.
Ta Malesiya Luba ta manna a bango da ƙullu.
Ba zan ɓoye ba:
in zan fita, nakan tsaya in kalli ciyawar.