Layin Rabe

Ranar Laraba aka rufe layin Rabe.
Yaron maƙwabta ya ce umarni ne daga Abuja:
kowane layi sai da lambar ɗan ƙasa.

Na hau Napep har Ƙofar Ƙaura.
Yarinyar ofis, mai jan farce, ta ce
sai mai layin ya zo ya dangwala yatsa.

Na ce yatsan yana Ɗan Takum,
damina biyu ke nan.

Ta ce ba ita ta rubuta dokar ba. Na sani.

Masu bin sa bashi sun san ƙofar gida.
Waɗanda yake bi, lambar kaɗai suka riƙe,
ko dai haka nake faɗa wa kaina
in na sa wayar a caji da dare.