Kunnen Kawu Mati

Kwana shida ina tsugune a Yankaba
gaban rabin duro, ina danna tif cikin ruwa,
ina jiran kumfa ta tona asirin ƙusa.
Sana'ata ke nan, faci.
Ran Lahadi na lulluɓe injin iska da buhu,
na ɗaure sandunan fatsa biyu a jikin babur.
Ana sallame Asuba na ɗauko Kawu Mati a Dakata,
da gwangwanin tana a aljihun rigarsa.

Bazara ta lashe Wasai har gindin kututture.
Inda bara muka yi iyo, bana shanu ne a tsaye,
taɓo ya tsage kamar kaushin dunduniya.
Ruwa in ya ja baya, in ji Kawu, kifi taro yake kira,
irin na 'yan kasuwa ran da aka ce za a rushe rumfuna.

Muka ari jirgin Ɗan'azumi mai yoyo ta baya,
na cusa tsumma, na yi alkawarin gam.
Shekara uku ke nan yana ta rufe idon Kawu.
Ni ke soka masa tana a ƙugiya,
ni ke gaya masa ga gaɓa, ga tsakiya.

Hantsi ya ɗaga, rana ta zauna mana a ƙeya.
Ko motsi babu.
Na shanye ruwan leda huɗu, na fara lissafin mai,
na fara tuna motocin da ke wuce rumfata a kulle.

Sai ya ɗaga yatsa. Yi shiru, yaro.
Ni da furfura a gemu, yaro.
Hannun hagu, wajen itacen da ya mutu a tsaye.
Na duba, ban ga komai ba sai ƙyalli.
Tuƙa, ya ce. Na tuƙa.

Ruwa ya tafasa.
Babu wuta, babu murhu, ya tafasa.
'Yan kawara na tsalle kamar an watsa sulalla,
a ƙarƙashinsu samarin giwan ruwa, garke guda,
sun kewaye su, suna turo su sama,
tsuntsaye na faɗowa kai da kai,
kowa na cin rabonsa a bakin wani.

Na yi jifa da rawar jiki.
Zare ya naɗe filafili, ya naɗe babban yatsana,
ƙugiya ta kama hular kaina.
Ina warwara ina jin fat, fat, a cikin jirgi:
makaho na ɗaga kifi.
Ɗaya. Biyu. Soka mini tana, yaro. Uku.
Na huɗun sai da sanda ta yi ruku'u.

Kafin in kwance kaina, an tashi kasuwa.
Ruwa ya kwanta lumui, kamar bai taɓa magana ba.
Duka-duka bai kai gasa faci ɗaya ba.

Yaya ka gan su? na tambaya.
Ya goge hannu a wando.
Ku masu ido sai abu ya fito kuke sani.
Kafin su taso akwai wani ɗan sauti,
kamar gero na zuba daga buhun da ɓera ya huda.

A hanyar dawowa, daidai Gunduwawa,
tayar baya ta yi ajiyar zuciya ta zauna.
Mai faci, ba gam, ba famfo, da tura babur.
Kawu na biye, hannu ɗaya a kafaɗata,
ɗaya riƙe da kifi, yana dariya har da tari.
Biyu ya ba ni. Uwale ta soya su da daddare,
maƙwabta suka yi ta sallama ba dalili.

Yau Litinin, ga ni gaban rabin durona.
An kawo tayar a-daidaita-sahu.
Ban tsoma ta a ruwa ba tukuna.
Na runtse ido, na kara ta a kunne,
direba na kallona, titi na ta ihu,
ina juya ta a hankali,
ina neman inda geron ke zuba.