Hawa Tara

Daga soron gidanmu a Tudun Wada
ana ganin Kufena, a da.
Ba sai ka yi ɗage ba.
Rana takan je ta jingina da kafaɗarsa
kamar mai tallar da ta gaji,
sannan ta sulale.
A nan muke duban jinjirin wata,
ni da marigayi Tanimu mai gyaran agogo,
shi da ido ɗaya mai kyau, ni da biyu,
amma kullum sai ya riga ni.

Lokacin, in an ce tsawo, rimi ake nufi.
Rimi, sai hasumiya, sai tankin ruwa.
Baƙon da ya sauka a Kwangila ba ya ɓata,
rimaye yake bi har ya iso.
Shamuwa ma ta san masaukinta.

Sai aka fara.
Alhaji Barau ya ɗora ɗaki a kan ɗaki, muka je kallo,
har da masu rantsuwar zai rufto.
Bai rufto ba. Haihuwa ya yi.
Hawa uku, hawa huɗu,
sai dogon ƙarfen waya mai jan ido da dare.
Rimin bakin kasuwa kwana shida ana saransa,
inda ya faɗi yanzu tayal ake sayarwa.

Bara aka kafa wannan na yamma da mu.
Hawa tara, in ji masu ƙirga.
Daga gindi ya fara cin Kufena, kamar gara,
wannan wata ƙafa, wancan wata ƙirji.
Ran da aka zuba kankaren hawa na shida
na hau soro ban tarar da dutse ba.
Ladidi ta ce barkononta ya daina bushewa.
Inuwa kan shigo tun kafin la'asar,
ba sallama, ta baje mana a tsakar gida.
Na sama kuwa suna ganin cikin tukunyarmu.
Mun ƙara wa katanga langa-langa. A banza.

Jikana Jatau a can yake ɗaure rodi.
Da kuɗin ginin ya saya min tabarau,
ka ga kuwa bakina ya mutu.
Ran ashirin da tara ga wata ya ce, Kaka, taso.
Matakala ce tsirara, ba abin riƙo,
ƙusoshi, buhunan siminti, ledojin ruwa.
Sau biyar na huta. Gwiwa ta zage ni tas.

A sama iska ta karɓe min hula.
Ga Kufena, bai je ko'ina ba,
sai dai ya ɗan rage, ko ni ne na yi sama da yawa.
Ga Kubanni kamar zaren da ya kuɓuce wa allura.
Ga ganuwa, abin da ruwan sama ya bari.
Ga dogon benen Samaru can, da ya daɗe shi kaɗai,
yanzu ya sami abokan hira.
Na ƙirga rimaye, bakwai.
Na goge tabarau na sake, shida.
Na nemi gidanmu na rasa
sai da Jatau ya nuna min wani jan ɗigo:
barkonon Ladidi.
Shekara sittin da ɗaya, a ɗigo.

Wata ya tsaya, siriri kamar yankan farce.
Yaron ne ya fara gani.
Na ce, kai ma?

An ce in an gama ofis za a yi a nan,
da mai gadi, da gilashi mai duhu,
mai irin takalmina ba zai wuce ƙofa ba.
Na sauko ina dafa bango,
bango da sauran ɗumin ranar da ya hana mu.

Ladidi ta ce, ka gan shi?
Na ce na gani.
Ta ce, dutsen ko watan?
Na ce, kwashe barkonon nan,
gobe a kai soron su Kande.
Can har yanzu rana tana zuwa.