Agogon Baba a Penang

Daren Juma'a na kulle ɗaki,
na bar littattafai suna gyangyaɗi a kan tebur,
na hau motar dare daga Kuala Lumpur
da jaka ɗaya, da takarda a aljihu:
wurare tara na jera, har da lamba,
kamar mai fita karɓar bashi.

Da sassafe jirgin ruwa ya haye da mu.
Babura sun yi sahu kamar masallata,
wata mata na ɓare wa ɗanta dafaffen ƙwai,
teku kuwa launin ruwan wanki,
ba shuɗin da hotuna suka yi mini alkawari ba.

Na ɗaya, dutsen da ake hango gari daga kansa.
Gajimare ya riga ni, ya zauna daram.
Kafin in kai na biyu
sama ta kwance bakin salka.

Na faɗa wani shago ba sallama,
faɗinsa bai fi tabarma biyu ba.
Khoo Eng Huat, in ji allon ƙofa.
Tsoho da singileti, gilashi maƙale a ido ɗaya,
fanka na tari a bisa kansa,
agoguna sun fi ɗari a bango,
kowane da tasa ƙaryar game da lokaci.

Bai ce shigo ba, bai ce fita ba,
ya turo kujera da ƙafa.
Maƙwabciyarsa Selvarani ta leƙo da shayi,
tana ɗaga kofi, tana tsiyaya a wani,
har shayin ya zama igiya, ya yi kumfa.
Na miƙa kuɗi, ta kaɗa kai
irin kaɗawar da ban gane i ce ko a'a ba.

Sai tsohon ya nuna wuyan hannuna.
Na Baba ne, na ce,
da ɗan Turancin da muka raba biyu.
Ya tsaya tun shekarar da muka rufe shi,
nauyinsa kawai nake ɗaurawa.

Ya buɗe bayansa kamar mai ɓare gyaɗa,
ya duƙa, ya daɗe.
Ruwa na dukan kwano, mai keke na zagin kwata,
ni kuwa na riƙe numfashi
kamar a ƙofar ɗakin tiyata.
Ya ɗago da tsatsa a bakin hantsaki.
Gumi ne, ya ce. Gishirin jiki.
Mai wannan agogo ya yi aiki.

Ban ba shi labarin buhunan Baba ba,
ban faɗi kuɗin makarantar mutum shida ba.
Na dubi shayina.

Ɗigon mai, hurawa biyu,
sai ga ƙaramin hannu ya motsa,
kamar jariri ya juya cikin barci.

Ƙarfe nawa zan sa, na nan ko na can?
Awa bakwai ce tsakani.
Na buɗe baki, amsa ta ƙi fita.
Ya dubi bango, ya zaɓi guda cikin maƙaryatan,
ya murza.
Agogo, ya ce, inda hannu yake nan ne garinsu.
Ringit goma sha biyar.

Sauran kwanan ban san yadda ya wuce ba.
Na ci shinkafa da miya kala huɗu a faranti ɗaya,
na yi Magariba kusa da wani mai kamun kifi,
sauro ya karɓi zakkarsa a masauki.
Lahadi na koma in yi godiya,
na tarar da ƙofar ƙarfe a ja, da kyanwa a gindinta.

Takardar nan ta jiƙe, ta zama fate,
tara ɗin sun narke cikin juna.
Gobe Hafizuddin zai ce, me ka gani?
Zan ce an yi ruwa.

Mota ta tashi ƙarfe tara na dare.
Na ɗebe bakwai a zuci:
yanzu Inna ke naɗe dardumar Azahar.
Na kara hannuna a kunne,
na bar shi nan har muka wuce Ipoh.